Cirani A Bakin Teku: Masu Kai Abinci Na Neman Guzurin Shekara Cikin Kwana 100 A Amurka

A kowace shekara, daga Litinin ta ƙarshe a watan Mayu zuwa Litinin ta farko a watan Satumba, garuruwan shaƙatawa da ke gaɓar Tekun Atlantika a ƙasar Amurka kan shiga lokacin da ya zame musu tamkar kaka ga manomi. A cikin waɗannan kwanaki kimanin 100 ne masu otal-otal da gidajen cin abinci kan tara mafi yawan abin da za su riƙe kansu da shi har shekara ta zagayo. A cikinsu ne kuma dubban matasa, galibinsu mata, kan bar garuruwansu su tafi cirani bakin teku domin yin aikin kai wa baƙi abinci a kan tebur.

Garin Ocean City da ke Jihar Maryland ya isa misali. Ƙidayar jama'a ta shekarar 2020 ta nuna cewa mazaunansa na dindindin ba su cika 7,000 ba, amma a ƙarshen mako na tsakiyar bazara yawan mutanen da ke cikinsa kan haura 300,000, kuma an ƙiyasta cewa baƙi kimanin miliyan 8 ne ke ziyartarsa a shekara. Garin siriri ne, ya miƙe tsawon kusan kilomita 16 a kan wani tsibirin rairayi, yana da titin katako mai tsawon kimanin kilomita 4 wanda shaguna da wuraren cin abinci suka yi jerin gwano a gefensa. Tun daga 1952, lokacin da aka buɗe gadar da ta ƙetare mashigin ruwan Chesapeake, mutanen Baltimore da Washinton suka sami damar isowa da mota cikin kimanin sa'a uku. Babu yadda za a yi mutum 7,000 su ciyar da mutum 300,000, don haka dole ne a nemo hannaye daga waje.

Yinin mai kai abinci

Aikin yakan fara tun kafin baƙo na farko ya shigo. Ma'aikaciyar da ke kan aikin safe takan iso da sassafe ta goge tebura, ta naɗe cokula da wuƙaƙe cikin adiko, ta cika kwalaben gishiri da barkono, ta yanka lemon tsami, ta haɗa kofi. A wannan lokaci babu wanda zai ba ta ko kwabo bayan ɗan abin da ake biyan ta na awa. Daga nan manaja ya raba tebura, kowace ta sami nata sashe, sau da yawa tebur huɗu zuwa shida. Rabon yana da muhimmanci ƙwarai, domin teburin da ke kallon teku ba ya zama babu kowa, na lungu kusa da ƙofar kicin kuwa sai an rasa wuri ake zama a kansa. Tsofaffin hannu su ne kan sami wurare masu kyau da kuma aikin daren Juma'a da na Asabar.

Da zarar an buɗe ƙofa, zama ya ƙare. Za ta tarbi baƙi da fara'a, ta kawo ruwa, ta rubuta abin da kowa ke so, ta shigar da shi cikin na'ura domin ya isa ga kuku, ta ɗauko tire mai nauyi ta ratsa cikin cunkoso, tana riƙe da lissafin tebur biyar a kanta: wane yana jiran miya, wance ba ta cin gyaɗa saboda tana yi mata illa, wancan yaro ya zubar da madara. A Maryland abincin da aka fi yi wa tururuwa shi ne kaguwar teku da ake turarawa da yaji. Akan shimfiɗa takarda a kan tebur a zube kaguwar, a ba kowa ɗan guduman katako ya riƙa fasawa. Iyali guda na iya shafe sa'a biyu a kan wannan, kuma duk tsawon lokacin teburin ba zai karɓi wasu baƙi ba.

A tsakiyar watan Yuli ba abin mamaki ba ne ma'aikaciya ta haɗa aikin rana da na dare, ta yi sa'a 12 ko fiye a tsaye cikin zafi da gumi. Bayan an rufe, akwai shara da jera kujeru, sannan a zauna lissafi. Daga abin da ta samu za ta cire kason masu kwashe faranti da mai tarbar baƙi a bakin ƙofa da mai haɗa abin sha, bisa tsarin da gidan ya shimfiɗa. Abin da ya saura ne za ta sa a aljihu ta hau keke ko bas ɗin gari ta nufi masauki, inda wataƙila mutum uku ko huɗu ke barci a ɗaki guda kan gadaje masu hawa biyu.

Tukuicin da ya zama albashi

A al'adar Bahaushe, tukuici ɗan ihsani ne da ake ba wanda ya kawo saƙon kyauta, kuma ba ya cikin haƙƙin aikinsa. A gidajen cin abincin Amurka kuwa tukuici shi ne gundarin albashi. Al'ada ta ɗora wa mai cin abinci ya ƙara kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na kuɗin abin da ya ci domin wadda ta yi masa hidima, ko da yake babu dokar da ta tilasta masa.

Doka ma ta amince da wannan tsari. Gyaran da aka yi wa dokar ƙwadago ta tarayya a 1966 ya ba mai gidan abinci damar lissafa tukuici a matsayin wani ɓangare na albashi. A 1991 mafi ƙarancin abin da za a biya ma'aikacin da ke samun tukuici ya kai dala 2.13 a awa, wata doka ta 1996 kuma ta daskarar da shi a nan, alhali mafi ƙarancin albashin sauran ma'aikata ya ci gaba da hawa har ya kai dala 7.25 a 2009. Jihohi na da ikon ƙarawa. A Maryland mafi ƙarancin albashi ya kai dala 15 a awa a watan Janairun 2024, amma na masu karɓar tukuici aka bar shi a dala 3.63.

Lissafin a fili yake. Idan ma'aikaciya ta yi awa 40 a mako, abin da mai gida zai biya ta daga aljihunsa dala 145.20 ne, alhali albashin dala 15 a awa zai kama dala 600. Cikon dala 454.80 daga hannun baƙi ake sa ran ya fito. Doka ta ce idan tukuicin bai cike giɓin ba, wajibi ne mai gida ya cika, sai dai yarinyar da ta zo aikin wata uku, kuma take neman a ba ta tebura masu kyau a mako mai zuwa, ba kasafai take iya buɗe baki ta nemi wannan haƙƙi ba. Haka kuma, tun da ana cire harajin tukuicin da ta bayyana daga ɗan albashin awa, sau da yawa takardar biyan da za a miƙa mata ba ta ɗauke da komai na a zo a gani.

Wannan ba ya nufin aikin ba shi da samu. A daren Asabar mai kyau, teburin da ya ci abincin dala 100 kan bar dala 20, kuma idan tebura na juyawa da sauri, ƙwararriyar ma'aikaciya na iya tashi da abin da ya ninka mafi ƙarancin albashi sau biyu ko uku. Abin lura shi ne, kasadar kasuwa ta tashi daga kan mai jari ta koma kan ma'aikaciya. Ranar da aka wayi gari da ruwan sama, baƙi suka ƙi fitowa, manaja kan sallami rabin ma'aikata tun da rana, asarar mai gida ta ragu, su kuwa su koma gida hannu rabbana. A ƙarshen watan Agustan 2011, lokacin da mahaukaciyar guguwar nan mai suna Irene ta doso gaɓar, hukumomi sun ba da umurnin a kwashe mutane daga Ocean City baki ɗaya, aka fara da ɗalibai ma'aikata 'yan ƙasashen waje waɗanda aka ɗiba a motocin bas. Cinikin ƙarshen mako guda na tsakiyar kaka ya salwanta, kuma ba a biyan tukuici a kan teburin da babu kowa.

Akwai wata illa kuma. Kimanin kashi biyu cikin uku na masu wannan aiki a Amurka, waɗanda yawansu ya haura miliyan 2, mata ne. Idan abincin mace na hannun wanda take yi wa hidima, takan haɗiye maganar banza da wulaƙanci tana murmushi, domin ta san ɓacin ransa zai bayyana a kan rasit.

Baƙin ma'aikata da matsalar masauki

Ɗaliban Amurka kaɗai ba sa isa, musamman da yake jami'o'i da yawa kan koma karatu a watan Agusta tun kasuwa na ci. Wannan giɓi ne ake cikewa da ɗaliban jami'o'in ƙasashen waje da ke shigowa da bizar J-1, wadda ta samo asali daga dokar musayar ilmi da al'adu ta 1961. Shirin ya ba ɗalibi damar yin aiki har tsawon wata huɗu, sannan ya sami kwana 30 na yawon buɗe ido kafin ya koma gida. Kafin 2020 ɗalibai kimanin 100,000 ne ke shiga Amurka ta wannan hanya a shekara, Ocean City kaɗai kan karɓi kusan 4,000, daga ƙasashe irin su Romaniya da Bulgeriya da Turkiyya da Jamaika.

Ɗalibin da ya zo ta wannan hanya yakan fara aiki ne da bashi a wuyansa, domin ya riga ya biya kuɗin shiga shirin da na biza da na jirgi. Aikin kai abinci, wanda ya fi tsoka, ya fi faɗawa hannun masu Ingilishi garau, sauran kuwa a ba su kwashe faranti ko wanke-wanke ko gyaran ɗakunan otal, abin da ke sa da yawa neman aiki na biyu. A watan Agustan 2011 ɗaruruwan irin waɗannan ɗalibai sun yi zanga-zanga a wata ma'aikatar shirya kayan alewa a Jihar Pennsylvania, suna kukan cewa bayan an cire kuɗin haya abin da ke saura bai taka kara ya karya ba. Wannan ya sa Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta tsaurara ƙa'idojin shirin a 2012, ta hana tura su aikin masana'antu da na gini. Darajarsu ta ƙara fitowa fili a 2020, lokacin da Shugaba Donald Trump ya dakatar da ba da bizar a watan Yuni saboda annobar korona: gidajen abinci da dama a garuruwan bakin teku suka rage lokutan aiki domin rashin hannaye.

Masauki shi ne babban abin da ke cinye samu. A garin da mai ɗaki zai iya ba baƙo haya ta mako guda a kan kuɗi mai tsoka, babu abin da zai ja hankalinsa ya ba ma'aikaciya ta wata uku da rahusa. Yaɗuwar ba da hayar gidaje ga masu yawon shaƙatawa ta intanet ta ƙara tsananta lamarin, har ta kai wasu masu gidajen abinci na saye ko kama gidaje domin ma'aikatansu. Wannan ma yana da nasa cikas, domin wadda ta rasa aiki ta rasa makwanci a rana guda.

Taƙaddama a kan gyara

Jihohi bakwai, ciki har da Kalifoniya da Nevada da Alaska, ba su yarda a lissafa tukuici cikin albashi ba. A can ana biyan cikakken mafi ƙarancin albashi, tukuici ya hau kai. Ƙungiyoyin ƙwadago na son sauran jihohi su bi sahu, masu gidajen abinci kuma na cewa hakan zai tilasta musu ƙara farashi da rage ma'aikata. Su kansu ma'aikatan kansu ya rabu. A Jihar Maine, wadda ta dogara ƙwarai da baƙin bazara, jama'a sun kaɗa ƙuri'a a 2016 domin soke tsarin sannu a hankali, amma a 2017 majalisar dokokin jihar ta maido da shi bayan masu kai abinci da yawa sun yi ta kai koke, suna tsoron baƙi za su rage tukuici. A Massachusetts ma masu ƙuri'a sun ƙi amincewa da irin wannan ƙuduri a Nuwamban 2024.

Gwamnatin tarayya ta bi ta wata hanya dabam. A 2018 aka haramta wa masu gida da manajoji taɓa tukuicin ma'aikata, sannan dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta ba da damar cire tukuicin da bai wuce dala 25,000 ba daga kuɗin shigar da ake ɗora wa harajin tarayya, na shekarun 2025 zuwa 2028. Sassaucin na da amfani ga mai samu da yawa, amma bai daɗa wa ranar ruwan sama komai ba.

Da zarar Litinin ta farko a watan Satumba ta wuce, gari kan fara yin tsit. Gidajen abinci su rage ranakun aiki, wasu su rufe sai baɗi, kuma ƙaramar hukumar Worcester, inda Ocean City yake, takan shiga sahun gaba wajen rashin aikin yi a jihar duk lokacin hunturu. Ɗaliba ta koma makaranta da abin da ta iya tarawa na kuɗin karatu. 'Yar gari kuwa, wadda wannan ce sana'arta, sai ta tsakuri guzurin kwana 100 har watan Mayu ya sake kamawa, tana fatan bazara mai zuwa ta zo da rana mai haske da baƙi masu sakin hannu.