Ma'anar "Azumi" da "Sallama" a Tiyatar Yini Guda

A tiyatar da ake sallamar majiyyaci ranar da aka yi ta, kamar ta gwaiwa, likita kan ce a zo da azumi. Sai dai azumin da Bahaushe ya sani yana da sahur. Wanda ya sha koko da asuba, alhali ƙarfe takwas za a yi masa allurar barci, yana iya yin amai ya shaƙe shi zuwa huhu. Abin nufi shi ne barin abinci awa 6 kafin aiki, ruwa zalla kuwa awa 2. Koko da madara abinci ne.

Ita ma "sallama" ba warkewa take nufi ba. Cikin awa 24 na farko majiyyaci ba zai tuƙa mota ko babur ba, kuma dole wani babba ya kwana kusa da shi.