Hutun Iyali a Jirgin Ruwan Shaƙatawa: Abin da Ya Shafi Yara

Jirgin ruwan shaƙatawa otal ne mai tafiya a kan teku. A cikinsa fasinja ke kwana, a cikinsa yake cin abinci, in gari ya waye sai ya tarar an yada zango a wata tashar dabam. Tafiyar da iyalai suka fi zaɓa ba ta cika wuce kwana uku zuwa bakwai ba. Galibi daga Miami da sauran tashoshin jihar Florida ta Amurka ake tashi zuwa tsibiran Karebiya, ko daga Basalona a zaga Bahar Rum. A Afirka kuwa, jiragen kamfanin MSC kan tashi daga Durban zuwa gaɓar Mozambik a lokacin zafin can.

Girman waɗannan jirage ne ke fara ruɗa baƙo. Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean, wanda ya fara aiki a Janairun 2024, tsawonsa ya kai mita 365, yana da bene 20, kuma yana ɗaukar fasinja har 7,600 ban da ma'aikata sama da 2,000. Gari ne guda, kuma kamar kowane gari yana da dokokinsa. Da yawa daga cikinsu yara suka shafa, domin kamfanonin sun daɗe da gane cewa yaro ne ke jan iyayensa zuwa jirgi. Disney ma ya shigo harkar a 1998 da jirginsa Disney Magic.

Tun wajen yankar tikiti ake cin karo da dokar farko. Yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar jaririn da bai cika wata shida ba, a tafiyar tsallaka teku kuma sai ya shekara. Mai juna biyu da ta shiga mako na 24 ita ma ba a ɗaukarta, saboda asibitin jirgi ƙarami ne, ba shi da kayan renon bakwaini. Kowane yaro da fasfonsa, kuma mai fasfon Najeriya ko Nijar yana buƙatar bizar ƙasar da jirgin zai tashi, wani lokaci har da ta ƙasashen da zai ratsa. Mai son abincin halal sai ya sanar tun da sauran makonni.

Ranar shiga, kafin jirgi ya ɗaga, dole kowa ya san wurin taruwarsa na gaggawa da yadda ake sa rigar ceto. An tsaurara wannan ne bayan Costa Concordia ya kife kusa da tsibirin Giglio na Italiya ranar 13 ga Janairun 2012, mutum 32 suka mutu, alhali ɗaruruwan fasinjojin da suka hau a ranar ba a riga an yi musu atisayen ba. Alamar gaggawa busa bakwai ce gajeru, sai ɗaya doguwa. Jirage da dama kan ɗaura wa ƙananan yara abin hannu mai ɗauke da lambar wurin taruwarsu, ta yadda in an busa suna wurin wasa, ma'aikata za su kai su can su haɗu da iyayensu. Uwa ba za ta bi bene ashirin tana neman ɗanta ba.

Wurin wasan yara shi ne abin da iyaye suka fi mora. Ana raba yara bisa shekaru, galibi daga shekara uku zuwa sama, kuma da rana ba a biyan komai. Renon jarirai da tsaron yara cikin dare ne ake biya a kan awa. Wurin ninƙaya yana da nasa sharaɗin da kan ba sababbin zuwa haushi: yaron da ke cikin famfas ba ya shiga, sai in jirgin yana da ɗan filin fantsama ruwa da aka ware wa irinsa. Dalilin shi ne amai da gudawa. Ƙwayar cutar noro tana yaɗuwa da sauri inda dubban mutane ke taɓa cokalin zuba abinci ɗaya, kuma man goge hannu mai sinadarin barasa bai cika kashe ta ba. Ruwa da sabulu ne maganin abin.

Jiri da tashin zuciya kan zo ne idan cikin kunne ya ji motsi amma ido ya ga ɗaki a tsaye. Manyan jirage suna da wasu fukafukai a ƙarƙashin ruwa masu rage tangaɗi, duk da haka ɗakin da ke tsakiyar jirgi a benen ƙasa ya fi kwanciyar hankali. Fitar da yaro ya sha iska yana kallon nesa inda teku ya haɗu da sama kan taimaka.

Kuɗin tikiti ya ƙunshi ɗaki da abincin manyan ɗakunan cin abinci da wasanni. Lemon kwalba, intanet, hotuna, ganin likita da yawon gari duk daban ake biya, ga kuma tukwicin ma'aikata da ake lissafawa kowace rana a kan kowane kai, har da yara a jirage da yawa. Ba a cika taɓa tsabar kuɗi a ciki ba, kusan komai da katin ɗaki ake saye, wanda hakan ya sa yaron da aka bar wa kati ba iyaka zai iya tara wa ubansa bashi a wurin wasan kwamfuta.

A kowace tasha ana sanar da lokacin da kowa zai dawo, bisa agogon jirgi, wanda kan iya saɓawa da na garin. Waɗanda suka fita yawon da kamfanin ya shirya ana jiransu in sun makara. Iyalin da suka fita da kansu suka wuce lokaci, sai su bi jirgin zuwa tasha ta gaba da kuɗin aljihunsu.