Ganye Ma Yana Numfashi: Abin Da Falke Ya Kamata Ya Sani Kan Ciyawa

Duk wanda ya ɗauko shanu daga Burkina, ya bi ta Paga da Bolga da Tamale da Techiman har Kumashi, ya san cewa bayan kuɗin mota babu abin da ke cin riba kamar abincin dabba. Saniya ta iso a gajiye, ciniki bai faɗa ba, kullum sai an ciyar. To, ciyawar nan da muke saye, mun san halinta kuwa?

Wani hunturu na sayi ɗanyar ciyawa mota guda, na sa yara suka jibge ta a bayan gida nan Manhyia, muka rufe da tamfol wai kada ta bushe. Kwana uku na cusa hannu, sai na ji zafi kamar tukunya. Ta yi baƙi, ta yi fumfuna, shanu suka ƙi ta. Kuɗi ya tafi, kuma laifin nawa ne.

Ga dalili. A jikin ganye akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, masana na kiransu sitomata. A filin da bai fi ƙwayar gero ba ana iya samun ɗaruruwa, a yawancin itatuwa kuma a bayan ganye suke. Kowace ƙofa tana da masu gadi biyu kamar leɓɓa: in sun ƙoshi da ruwa sai su buɗe, in ruwa ya yi ƙaranci su rufe. Da rana ta nan ganye ke jawo iskar kabon, ya haɗa ta da ruwa da hasken rana ya yi sukari, ya saki iskar oksijin da mu da dabbobi ke shaƙa. Amma ƙofar da iska ta shiga, ta nan ruwa ke fita. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan da saiwa ta jawo, ta ganye yake tashi. Mai shakka ya ɗaura leda a reshen mangwaro da hantsi, ya dawo da la'asar, zai tarar da ruwa a ciki.

Wato shuka ma ciniki take yi: ta buɗe ta samu abinci ta yi asarar ruwa, ta rufe ta tsira da ruwa ta kwana da yunwa. Shi ya sa dawa ke naɗe ganye in fari ya matsa. Waɗanda suka ga farin 1983 a Gana, da gobarar dajin da ta zo tare da shi, sun ga iyakar wannan dabara.

Abin da ya shafe mu shi ne, ciyawa ba ta mutuwa nan take don an yanke ta. Tana ci gaba da numfashi, tana ƙona sukarinta har sai ta bushe. In aka jibge ta, ƙofofin sun rufe saboda duhu, ruwa bai fita ba, zafi ya taru, amfanin ya ƙone. Saboda haka:

Na ɗaya, in ajiya za a yi, a baza ta siriri a rana da zarar an yanke, a riƙa juyawa, kada a ɗaure sai ta bushe.

Na biyu, ɗanyar ciyawa kusan kashi uku cikin huɗu ruwa ne. Kada nauyi ya ruɗe ka. Ƙaramin damin harawa busasshe yakan fi babban dami ɗanye.

Na uku, harawar wake ko ta gyaɗa, a ganye amfanin yake. A ɗaure ta da sassafe tana da laushin raɓa, kada ganyen ya kakkaɓe a bar ka da kara.

Na huɗu, a kiyayi gyauron dawa da fari ya sa ya yi yaushi, da ɗanyen ganyen rogo da yawa. Suna da guba mai iya kayar da sa cikin ɗan lokaci.

Mu da sana'armu ta rataya a wuyan ciyawa, bai kamata mu san farashin sa mu jahilci abincinsa ba. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya kai kowa gida lafiya.