Amsoshin Wasiƙunku: Shin Sai An Sayar Da Sa Kafin Yaro Ya Koyi Zane A Kwamfuta?

 Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga hannun wani manomi, kuma mai awon hatsi a kasuwar ƙauyensu. Ya ce ɗansa yana karatun zanen gine-gine a kwalejin kimiyya da fasaha, ya aiko masa cewa yana bukatar kuɗin "lasin" na manhajar zane, da kuma wani abu wai shi injin fitar da hoto. Malamin ya ce shi dai bai fahimci ko ɗaya ba, ga shi har ya fara shawarar kai ɗaya daga cikin shanun hudarsa kasuwa. Yana so mu yi masa bayani.

To Malam, matambayi ba ya ɓata. Amma kafin komai, a mai da san nan turke tukuna.

Da farko, yaronka bai yi maka ƙarya ba, akwai waɗannan abubuwa. Manhaja ita ce tsarin aikin da ake ɗora wa kwamfuta. Irin wadda yake nufi, da ita ake zana abu mai tsawo da faɗi da kauri, watau abin da suke kira 3D. Sai ka ga gida tun ba a haƙa harsashinsa ba, a juya maka shi gaba da baya, har a shiga da kai ɗakunansa. Lasin kuwa izini ne na yin aiki da ita, kamar dai lasin tuƙin mota. Manyan kamfanoni sukan biya kuɗi masu yawa duk shekara, da dala, don su riƙe wannan izini.

Sai dai shi ɗalibi nasa daban ne. Kamfanin Autodesk na Amurka, mai AutoCAD da Revit da 3ds Max da Maya, yana ba ɗalibai da malamai izinin shekara guda kyauta, kuma ana sabuntawa muddin mutum yana makaranta. Abin da ake nema shi ne yaro ya yi rajista a shafin kamfanin na intanet, ya nuna shaidar cewa shi ɗalibi ne a makarantar da hukuma ta amince da ita, kamar katin makaranta ko takardar rajistar zangon da ake ciki. Saboda haka duk wanda ya ce zai sayar muku da lasin ɗalibi na wannan kamfani, to ku riƙe aljihunku.

Amma fa akwai sharaɗi, kuma a nan ake yawan tuntuɓe. Wannan izini na koyo ne kawai, ba na neman kuɗi ba. In wani Alhaji ya ce a zana masa shaguna ya biya, yaro ya yi da lasin ɗalibi, to ya saɓa yarjejeniya. Kuma ran da ya gama makaranta, izinin ba zai sabuntu ba. Kayan aro, an ce, ba ya rufe katara.

Shi ya sa muke ba da shawara ya haɗa da koyon wata manhaja mai suna Blender. Wani mutumin ƙasar Holan, Ton Roosendaal, shi ya ƙirƙiro ta, kuma tun shekarar 2002 aka sake ta ga kowa da kowa, bayan jama'a sun yi karo-karo na kuɗin Turai yuro 100,000 sun fanshe ta. Ba a biyan ko kwabo, kuma abin da ka zana da ita naka ne, kana iya sayarwa. Kada a raina ta don kyauta ce. Da ita aka yi fim ɗin zane na ƙasar Latbiya mai suna Flow, wanda ya ci kyautar Oscar a 2025.

Yanzu sai batun inji. Malam, ba inji ba ne irin na niƙa ko na ban ruwa, ba ƙarfe ba ne. Ka tuna mai hoto na da, bayan ya ɗauka sai ya shiga ɗaki mai duhu ya wanke? To haka nan ne. Bayan an gama zane, akwai wani sashe na manhaja da ke lissafa inda haske zai faɗa, da inuwa, da ƙyallin gilashi, sa'an nan ya fito da hoto kamar na gaske. Mu kira shi injin wanke hoto.

Iri biyu ne. Akwai mai bin haske dalla-dalla, hotonsa ya fi kyau amma yana cin lokaci, kamar Cycles da ke cikin Blender, da Arnold da ke zuwa tare da Maya da 3ds Max, da V-Ray wanda shi sayensa ake yi, ko da yake ana yi wa ɗalibai rangwame. Akwai kuma mai sauri, wanda ke kintatar hasken, kamar EEVEE, shi ma a cikin Blender yake. Ka ga ke nan mai koyo ba ya bukatar sayen wani inji dabam.

Me ya sa saurin yake da muhimmanci? Ku 'yan kasuwa ne, bari mu yi lissafi. Fim yana cin hotuna 24 a kowace daƙiƙa, watau 1,440 a minti ɗaya. In kowane hoto ya ɗauki minti 5 ana wanke shi, an tashi awa 120, kwana 5 cur kwamfuta tana kunne ba dare ba rana. A garin da wuta ke zuwa tana ɗaukewa, sai ka auna kuɗin man janareta. Don haka hoto guda na gida a ba mai bi a hankali, mai motsi kuwa a ba mai sauri.

Inda kuɗi zai fita da gaske shi ne ita kwamfutar. A duba abin da masu sayarwa ke kira ram, kada ya gaza giga 8, in da hali 16 ya fi. A kuma tambaya ko tana da sashen kula da hoto nata na musamman. Ta hannu mai lafiya ma ta isa a fara. A guji manhajar sata da ake zuba wa mutane a kasuwa da araha, don sau da yawa da cuta take zuwa, ta lalata aikin zango guda.

A taƙaice Malam, ka ce wa yaron ya fara tambayar malaminsa wace manhaja ake koyarwa da ita, ya nemi izinin ɗalibi da kansa, ya kuma kawo maka farashin kwamfuta daga shago biyu ko uku. Bayan nan sai ku zauna ku yi shawara. Mai yiwuwa 'yan buhunan masara su biya bukata, sa ya tsaya wa damina.

Allah ya yi wa karatun albarka, amin. Sai kuma mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A ci gaba da aiko mana da wasiƙu. Ku huta lafiya.