Tsatsa da Fentin Shimfiɗa: Shawara ga Mai Harhaɗa Jirgin Sama da Hannunsa

Gabatarwa

Manomi a ƙasar Maska ba ya bukatar a yi masa fassarar kalmar tsatsa. Ya san halin garmar da aka bari a gona damina ta wuce a kanta, ya kuma san yadda takin zamani yake cinye bayan motar da ke jigilarsa tsakanin Funtua da Malumfashi. Shi ya sa mai walda ba ya sallamar ƙofar ƙarfe sai ya shafa mata jan fenti, sa'an nan a zo a ɗora launin da mai gida yake so. Wannan shafi na farko, wanda yake manne wa ƙarfe ya raba shi da ruwa da iska, shi ake nufi da fentin shimfiɗa a cikin wannan bayani. Tambayar da ake son amsawa ita ce: wanda ya zauna harhaɗa ƙaramin jirgin sama da hannunsa, shin wajibi ne ya shafe cikinsa da wannan fenti, ko kuwa a'a? In zai shafa, ina da ina, kuma ta wace hanya?

Jirgin Gida a Ƙasar Hausa

Kada a ɗauka maganar ta Turawa ce kaɗai. Kamfanin Van's Aircraft da ke jihar Oregon ta Amurka yana sayar da sassan jirgi a cikin akwatuna, mutum ya harhaɗa a gidansa. Ɗaya daga cikin jiragensa, mai suna RV-6A, shi ne aka ɗan sauya wa fasali a Kaduna tun daga 1989, aka raɗa masa suna Air Beetle, aka harhaɗa guda 60 domin koyar da matuƙan rundunar sojan sama ta Nijeriya. Har ila yau, a 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano ya ƙera jirgi mai saukar ungulu da injin mota ƙirar Honda da tarkacen motoci da ɓaraguzan wani jirgin Boeing 747. Ga kuma Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ba ta da nisa da Funtua. Saboda haka ba abin mamaki ba ne gobe a ga ɗan Maska da fiffiken jirgi shimfiɗe a zauren gidansu.

Yadda Alminiyam Yake Tsatsa

Yawancin irin waɗannan jirage da alminiyam ake yin su, watau sanholon da ake ƙera tukwane da shi. Jama'a sun ɗauka ba ya tsatsa, domin ba ya yin ja. Gaskiyar magana yana yi, sai dai tasa tsatsar fara ce kamar toka. Tsantsar alminiyam yana da rigar kansa: da zarar iska ta taɓa shi sai wata fata siririya ta rufe shi ta tsare na ciki. Amma tsantsarsa ba shi da ƙarfin ɗaukar jirgi. A 1906 wani Bajamushe mai suna Alfred Wilm ya gano cewa idan aka gauraya shi da jan ƙarfe, kimanin kashi 4 cikin 100, yakan yi ƙarfi ƙwarai. To, wannan jan ƙarfen da ya ba shi ƙarfi shi ne kuma ya buɗe wa tsatsa ƙofa. Don haka a 1927 kamfanin Alcoa na Amurka ya fito da falle mai suna Alclad, wanda aka lulluɓe fuskokinsa biyu da tsantsar alminiyam. Dabarar irin ta kwanon rufi ce, inda tutiya take ba da kanta ta lalace domin ƙarfen da ke ƙarƙashinta ya tsira.

Daga nan saɓanin maƙeran jirgi ya taso. Wasu suka ce tunda fallen yana da rigarsa, fenti a cikin jirgi nauyi ne kawai da ɓata kuɗi da lokaci, alhali duk nauyin da aka ƙara wa jirgi an rage kayan da zai ɗauka ke nan. Wasu kuwa suka ce rigar ba ta da kauri, kuma kowane yanka da kowace huda da kowane ƙarzo yana yaye ta.

Abubuwa Uku da Ke Raba Gardama

Na farko, irin ƙarfen. Baƙin ƙarfe, kamar na mazaunin inji da na ƙafafun sauka, ba shi da wata riga, don haka shafe shi dole ne. Haka kuma sassan alminiyam da ba a lulluɓe ba. Fallen Alclad ne kaɗai ake da zaɓi a kansa.

Na biyu, mahaɗa. Duk inda ƙarfe biyu mabambanta suka haɗu, danshi ya shiga tsakaninsu, sai su zama tamkar batir, ɗaya ya riƙa cin ɗaya. In baƙin ƙarfe ne da alminiyam, alminiyam ne yake ciwuwa. Wannan ya fi shafar wanda ya tattaro kayansa daga tarkace iri-iri. Haka nan inda falle ya hau kan falle aka ɗaure su da ƙusar ribiti, ruwa yakan maƙale ya ƙi bushewa. Abin da ya faru a Hawai ranar 28 ga Afrilu 1988 darasi ne: rufin wani jirgin Boeing 737 na kamfanin Aloha ya yaye yana sama, ma'aikaciya ɗaya ta rasu, bincike kuma ya nuna tsagewa da tsatsa a irin waɗannan mahaɗai, ga jirgin da ya yi shekaru cikin iskar teku.

Na uku, mazaunin jirgin. Wanda zai zauna a Ikko ko Fatakwal, inda iska take ɗauke da gishiri, ya fi dacewa a shafe cikinsa kakaf. Ƙasar Maska ba ta da teku, rani kuma ya fi rabin shekara. Duk da haka tana da nata abokan gaba. Ƙurar hunturu takan taru a lungunan fiffike, damina ta zo ta mai da ita laka mai riƙe ruwa. Takin zamani gishiri ne. Jirgin da aka ajiye kusa da ɗakin taki bai fi na bakin teku tsira ba. Ga fitsarin ɓera, ga kashin tsuntsaye, ga ruwan batir. A irin wannan wuri, matsakaiciyar hanya ita ce a shafe mahaɗai da bakin yanka da ƙasan ciki inda ruwa ke kwanciya da kewayen batir, a bar filin fallen da rigarsa, a kuma huda ƙofofin tsiyayar ruwa.

Yadda Ake Shafawa

Fenti ba ya kama maiƙo. Sai a wanke ƙarfen sarai, a goge shi da soson roba har ƙyallinsa ya dushe, a sake wankewa, kada kuma a taɓa shi da hannu tsirara. Kada a kusanto da soson ƙarfe, domin ɓurɓushinsa yakan nutse cikin alminiyam ya zama irin tsatsa. Haka ma fensir, ba a zane da shi a jikin jirgi.

Fentin kansa iri-iri ne. Akwai tsohon nan mai ruwan ɗorawa da kore wanda ya yi suna a Yaƙin Duniya na Biyu. Yana kare ƙarfe sosai, amma sinadarin kuromet da ke cikinsa yana haddasa sankarar huhu. Akwai na gwangwanin fesawa mai cin fuskar ƙarfe da kansa, mai sauƙin aiki amma ba ya jure wuya. Akwai kuma na ifoksi, wanda ake haɗa ruwa biyu, shi ne mafi ƙarko, sai dai abin da aka haɗa dole a ƙare shi cikin 'yan sa'o'i. Ko wanne aka zaɓa, a fesa shi siriri, yadda rubutun da ke jikin fallen zai riƙa bayyana ta ƙarƙashinsa, a wuri mai iska, da takunkumin da aka yi domin fenti. Ranar hazo ba ranar fenti ba ce, haka ranar marka.

Kammalawa

Jirgi ba kamar ƙofa ba ne da za a sake mata fenti baɗi. Da zarar an rufe fiffike da dubban ƙusoshi, cikinsa ya yi ban kwana da hannun mutum, abin da aka rufe kuma shi zai ɗauki rai zuwa sama shekara ashirin ko talatin. Saboda haka wajibi ne a yanke wannan shawara tun sassan suna warwatse a kan benci, a duba kowane sashe a tambayi irin ƙarfensa da abin da zai jingina da shi da inda zai zauna. Hausawa dai sun ce, ba a fafe gora ranar tafiya.