Noman Kawa a Bakin Teku: Ba a Ƙara Gona Sai da Izini

Manomin tudu in ya ga ƙarfinsa ya ƙaru, sai ya sayi gonar maƙwabci, ko ya yi aro, ko ya sari daji. Amma akwai waɗansu manoma da gonarsu ke cikin ruwan teku, su kuwa ko taƙi ɗaya ba su iya ƙarawa sai Gwamnati ta yarda. Su ne masu noman kawa na ƙasar Faransa, ƙasar da ta fi kowace a Turai samar da ita.

Kawa wata halitta ce ta ruwan gishiri, mai ɓawo biyu kamar kumba, Turawa na cin namanta ɗanye. A Arkashon, wani lungun teku kudu maso yamma da birnin Bordo, a kan shafa wa fale-falen yumɓu farar ƙasa, a jera su cikin ruwa, 'ya'yan kawa su manne. Sa'an nan a kankaro su, a zuba cikin buhunan raga, a ɗora bisa gadajen ƙarfe inda ruwa ke cikowa yana janyewa. Sai wajen shekara 3 su ke isa kasuwa.

To, ga inda wuyar ta ke. Bakin teku a Faransa na Gwamnati ne, ba a sayarwa. Tun a 1681 aka yi dokar da ta nuna iyakarsa. Manomi aro kawai ya ke samu, da takarda, ba ta wuce shekara 35, yana kuma biyan kuɗin haya kowace shekara.

Mai son ƙari sai ya kai takarda ofishin lardi mai lura da al'amuran teku, da taswirar wurin, da shaidar ya san aikin. Daga nan a lilliƙa sanarwa a ofisoshin garuruwa, don masunta da masu jiragen ruwa da sauran manoma su faɗi kukansu. Wani ma yana iya cewa shi ma wurin ya ke so. Sa'an nan wani kwamiti na ma'aikata da manoma ya zauna ya duba. Daga ƙarshe babban wakilin Gwamnati na lardi, watau kamar Razdan na da, shi ke sa hannu. Wanda ya sami wuri kuma ya bar shi shekara 3 ba aiki, ana iya karɓewa.

Don me duk wannan tsanani? Dalili na fari shi ne abinci. Ba a ba kawa dusa ko harawa, ruwa ta ke tacewa ta tsinci ɗan abin da ke ciki. In mutum ɗaya ya cika wuri da buhuna, ba tasa kaɗai za ta rame ba, har ta maƙwabta. Sabo da haka kowane lardi yana da ƙa'idar yawan abin da za a zuba. Cuta kuma ba ta san iyakar gona ba. Daga 1970 wata annoba ta share irin da a ke nomawa, wanda a ke kira na Fotugal, sai da aka ɗauko sabon iri daga Japan da Kanada.

Dalili na biyu lafiyar mai ci. Da ya ke kawa tana tace ruwa, duk ƙazantar da ta shiga teku a cikinta ta ke taruwa. Ma'aikatan lafiya su kan auna, su kasa wurare kashi 3. Na kashin A a kai kasuwa kai tsaye. Na B sai an tsare ta cikin kwatarnin ruwa mai tsabta tukuna. Na C kuwa sai an mai da ita ruwa mai kyau ta daɗe, ko a dafa a masana'anta. Ɗakin da a ke wanke ta ma yana da nasa lasin.

Duk da haka takarda ba ta tare ruwan sama. A ƙarshen 2023 aka yi ta sheƙa ruwa a Arkashon, magudanan ƙazanta na gari suka cika suka tumbatsa cikin teku. Mutane da yawa suka kamu da amai da gudawa. Ran 27 ga Disamba aka hana sayar da kawar wurin, ana sauran kwana kaɗan bikin sabuwar shekara, lokacin da ciniki ya fi kowane kyau. Ba a ɗage hanin ba sai cikin Janairu 2024. Laifin ba na manoma ba ne, amma hasarar a kansu ta faɗa.

Abin lura ga mai son ƙara gona a ruwan da jama'a suka yi tarayya a kai shi ne ya bi abin daki-daki. Ya fara sanin tsabtar ruwan, da abin da ke gangarowa daga gari. Ya shirya da maƙwabta tun ba a liƙa sanarwa ba. Kada ya ci bashi ya sayi gadaje da buhuna sai takarda ta zo hannu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.