Soyayyen Kifin Jumma'a a Majami'un Amurka

A wannan fitowa za mu ƙetare teku mu leƙa wata al'ada ta 'yan'uwanmu Kirista na ƙasar Amurka, wadda ta shafi azumi, ta kuma shafi asusun ekklesiya. Kowace shekara, daga Larabar Toka har zuwa Ista, majami'un Katolika da yawa sukan mai da zauren taronsu gidan cin abinci ran Jumma'a da yamma. Abincin kuwa soyayyen kifi ne. Kowa ya zo ya biya kuɗi a ƙofa, a zuba masa, ya nemi benci ya zauna.

Tushen abin dokar ekklesiya ce. Tun zamanin da, 'yan Katolika ba su cin nama ran Jumma'a, domin tunawa da ranar da aka gicciye Yesu, amma an yarda a ci kifi. A shekara ta 1966 Paparoma Bulus na 6 ya ba bishop-bishop na kowace ƙasa izinin sassauta dokar. Cikin watan Nuwamba na wannan shekara na Amurka suka ce dokar ta tsaya ga Jumma'o'in Azumi kaɗai, kuma tana kan duk wanda ya kai shekara 14. Jumma'o'in nan bakwai ne idan an haɗa da Babbar Jumma'a, ko da ya ke majami'u da dama ba su suya a ranar.

Inda al'adar ta fi ƙarfi shi ne arewacin ƙasar, wajen manyan tafkuna: jihar Wiskonsin, da Ohayo, da birane irin su Milwoki, Kilibilan da Fitsbag. Can ne baƙi 'yan Katolika daga Jamus da Folan suka sauka da yawa suna neman aikin masana'antu, suka tarar da kifin tafki da araha. Daga 1920 zuwa 1933 kuma gwamnati ta hana sayar da giya a duk ƙasar, sai masu mashaya suka koma sayar da kifi ran Jumma'a don kada su rufe. Mutane suka saba fita cin kifi a wannan rana, har a Wiskonsin ana yi duk shekara.

To, abin da ya kamata 'yan ƙungiyar gama kai su duba da kyau shi ne yadda ake tafiyar da aikin, gama aikin gayya ne sosai. Ba a biyan kowa lada. Tun kafin Azumi ya kama, kwamiti ya zauna, ya yi odar kifi da mai da gari, ya rubuta sunan kowa da inda zai tsaya. Tsofaffin da suka yi ritaya su ne ke zuwa da safe su narkar da kifin da ke cikin ƙanƙara, su yanka, su shanya ruwan. Mata su yanka kabeji, su fere dankalin turawa, waɗansu kuma tun a gida suka toya kek suka kawo kyauta. A Fitsbag da Kilibilan akan ƙara da wani abincin mutanen Folan, watau kwaɓaɓɓen fulawa da ake cusa wa dankali a naɗe baki, kuma naɗin nan yakan ci mata kwana da kwanaki. Suya galibi ta maza ce. A wurare da yawa ƙungiyar maza ta Jaruman Kolambus, wadda wani Fada mai suna Michael McGivney ya kafa a 1882, ita ce ke riƙe da kasko. Yaran makaranta su ɗauki faranti, su share tebur, su kai wa tsofaffi ruwa. Mai karɓar kuɗi daban, mai lissafi daban.

Riba daga nan take fitowa. Mai gidan abinci sai ya biya haya da ma'aikata kafin ya ga kwabo. Majami'a kuwa zauren nata ne, hannuwan kyauta ne, saura kuɗin kifi da mai da wuta. Ga shi kuma ba ta neman masu saye, kalanda ce ke kawo su. An san ranar, an san sa'ar, an san yawan mutanen bara, don haka ba a saye fiye da kima a yi asara. Kuɗin da aka tara yakan tafi ga makarantar majami'a, ko gyaran rufi, ko wutar ɗumama ɗaki lokacin sanyi, ko taimakon matalauta. Masu zuwa ci ba 'yan Katolika kaɗai ba ne. Maƙwabta na kowace ɗarika sukan shiga layi, har 'yan kwana-kwana na sa kai da ƙungiyoyin tsoffin sojoji su ma sun ɗauki al'adar don cika nasu asusun. Sa'ad da annobar korona ta faɗo cikin Maris na 2020, a tsakiyar Azumi, aka rufe zauruka. A shekarar da ta biyo majami'u da yawa suka koma miƙa abincin ta tagar mota.

'Yan kasuwa ma ba su yi barci ba. A 1962 wani mai suna Lou Groen, wanda ke da kantin McDonald's a wata unguwar 'yan Katolika a birnin Sinsinati, ya ga duk Jumma'a ciniki na mutuwa, sai ya fito da burodi mai kifi a tsakiya. Shi ne Filet-O-Fish da kamfanin ke sayarwa har yau.

Akwai masu gunaguni, kuma maganarsu ba ta wofi ba ce. Suna cewa wane irin azumi ne wannan, da mutum zai cika faranti har sau biyu, a waɗansu wurare ma har da kwalbar giya a gefe? An hana nama domin a horar da jiki, ga shi an mai da ranar biki. Masu kare al'adar kuma suna nuna gwauruwa da tsohon da ba su da mai zama da su a gida, waɗanda wannan ce ranar da suke cin abinci cikin mutane. A ganinmu duka biyun suna da gaskiya. Waɗansu majami'u sun sa addu'ar Hanyar Gicciye dab da lokacin cin abinci, domin wanda ya zo don kifi ya shiga ɗakin sujada.

Babbar damuwa ita ce kifin kansa. Da can abin da aka fi so a Milwoki shi ne wani ɗan kifi mai launin rawaya da ratsin baƙi, kamar tsawon tafin hannu, daga Tafkin Mishigan. Cikin shekarun 1990 ya ragu ƙwarai, har aka hana masunta 'yan kasuwa kama shi a yawancin tafkin. Masana suna ɗora wani ɓangare na laifin a kan wata 'yar halitta mai ɓawo, dangin dodon koɗi, wadda jiragen ruwa suka shigo da ita daga Turai, tana cinye abincin 'ya'yan kifi. Kifin teku mai suna kwad, wanda ake busarwa a Norwe a kawo kasuwanninmu, 'yan Kudu na ce masa okporoko, shi ma ya sha wuya. A 1992 gwamnatin Kanada ta rufe sunsa a gabashin ƙasar saboda an kama shi fiye da kima, wajen mutum 30,000 suka rasa sana'a rana ɗaya.

Saboda haka yawancin kifin da ake soyawa a zaurukan nan yanzu daga nesa yake zuwa cikin ƙanƙara, daga tekun Alaska ko Aislan. A kudancin ƙasar kuwa tarwada ce, ana barbaɗe ta da garin masara kafin a jefa cikin mai. Galibi ba daga kogi ake kamo ta ba. Manoman jihar Misisipi sun fara haƙa tafkuna a gonakin auduga cikin shekarun 1960 suna kiwonta da abincin masara da waken soya. Su ma tun wajen shekara ta 2000 suke fama da tsadar abincin kifi, da kuma wani dangin tarwada mai araha da ake shigowa da shi daga ƙasar Biyetnam, har manoma da yawa suka cike tafkunansu suka koma shuka.